Zuwa ga Baba Samanja, Wanda Ya Koya Mini Shiga Wuta

Zuwa ga Baba Samanja Bawa, mai ritaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ɗa ga ubansa, ina fatan wannan wasiƙa za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Malama Rifkatu da 'yarka Saratu da jikoki. Ni ne Haliru, Halirun Kalgo, kurtunka na da.

Sau uku na kira wayarka cikin makon nan. A na biyu ka ɗauka. Na ji kana ta cewa, "Wa ke magana? Ɗaga murya!" Ni kuma ina ta ihu a tsakar gida har matata Nana ta leƙo daga madafi ta ɗauka faɗa nake yi. Daga baya Saratu ta kira ni, ta ce kunnuwan sun ƙara nauyi, ƙarar injin jirgi ta shekara da shekaru ta yi musu illa. Ta ce in rubuta a shafina na intanet, za ta buɗe maka a waya ka sa tabarau ka karanta. To ga shi na rubuta. Masu bibiyata za su karanta tare da kai, kuma ban damu ba. Gara su san ka.

Ina gida Kalgo, hutun jinya aka ba ni. Kada hankalinka ya tashi, da ƙafafuna nake yawo. Hannun hagu ne kawai a naɗe. Zan gaya maka yadda aka yi, amma ka bar ni in faro daga baya, domin akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita.

Ka tuna ranar da muka fara haɗuwa? Ranar kasuwar Kalgo ce. Ina ɗan shekara ashirin da biyu, ina gyaran injin ban ruwa a rumfar kawuna, manoman shinkafa na kawo mana aiki tun daga Diggi har Wurogauri. Teburin fetur na wani ɗan bumburutu ya kama wuta a bakin tasha. Kowa ya watse. Ni kuwa na fizgi jarka daga kurar mai ruwa na sheƙa wa wutar. Sai ta hau kan ruwan, ta bi shi tana gudu, ta nufi rumfar mai shayi.

Ban ankara ba na ji an cafki wuyan rigata ta baya an yar da ni ƙasa. Kai ne, da singileti da silifa. Ka zo hutu wurin Malama Rifkatu, lokacin tana koyarwa a firamare. Ka daka wa mutane tsawa su kawo yashi daga tulin da magina suka zube, aka dinga ɗebowa a kwano da buhu da hula. Kafin a jima wuta ta mutu.

Da ƙura ta lafa ka zo ka tsaya a kaina ina kakkaɓe wando. Ka ce, "Duk wurin nan babu wanda ya kai ka wauta. Amma kai kaɗai ka yi gaba da kowa ya yi baya. Wautar ana gyara ta."

Kwana uku a jere kana zuwa rumfarmu, ka zauna a benci kana kallon yadda nake kwance inji. A nan na fara jin cewa ku sojan sama ma kuna da 'yan kwana-kwananku. Ka ce duk jirgin da zai tashi ko zai sauka, akwai mutane zaune cikin mota a gefen titin jirgi, sun sa kaya sun shirya, ba su da aiki sai jiran abin da ba a fata. Ban yi barcin kirki ba a makon, ina ta juya maganar.

Matsalar mahaifina ce, Malam Sambo. Yana Gwandu yana karantarwa a zaurensa, yana noman gero da albasa ta wajen Maruda. Mahaifiyata ta rasu, ni ne babban ɗansa namiji. Sau biyu na je masa da maganar, sau biyu ya ce a'a. Da na gaya maka, ka ce in hau bayan babur ɗinka. Damina ce. Muka bi ta Birnin Kebbi, babur ya mutu sau biyu a hanya, ni na goge fulogi kana riƙe mini da lema.

Tun daga nesa da zauren ka tuɓe takalmi. Ka durƙusa ka gaida shi, kai da ka kusa zama sa'ansa. Ya dube ka ya ce, "Bawa, yaron ga nau kaka so ka kai shi koyon kisan mutane?"

Ka ce, "Malam, za a koya masa bindiga, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma aikin da zai tashi da shi kullum shi ne fito da mutum daga wuta. Ba kuma zan ce ba zai ƙone ba. Ni ma ga nawa." Ka naɗe hannun riga ka nuna masa tabon da ya taso daga gwiwar hannu har kafaɗa.

Malam ya duba tabon da kyau. Ya aika aka damo fura, kuka sha. Sai da za mu tashi ya ce, "Tunda ba ka ɓoye min ba, na yarda. Ku tai, Allah shi tsare."

A hanyar dawowa ka gaya mini ba za ka yi wa kowa magana a kaina ba, in je in nema kamar kowa. Na ji haushi a lokacin. Na nema, na yi gudu, na rubuta jarrabawa, Allah ya sa aka ɗauke ni. Bayan horon farko aka tura ni ɓangaren kashe gobara da ceto, kuma cikin ikon Allah na faɗo hannunka, kana Saje.

Sai ɗakin hayaƙi ya tona mini asiri.

Ka san ɗakin, amma bari in faɗa saboda masu karatu: ɗaki ne ba taga, a cika shi da hayaƙi, a sa maka takunkumi a fuska da tukunyar iska a baya, a ce ka shiga da rarrafe ka lalubo mutum-mutumi ka jawo shi waje. Ni da na tunkari wutar fetur da jarka, ina shiga na ji kamar an binne ni da rai. Na tuge takunkumin, na fito da gudu ina amai. Sau uku haka. Abokan horo suka sa mini suna Bakanike, suna cewa in koma gareji. Hafsan da ke kula da mu ya ce a mayar da ni wurin gyaran motoci a huta.

Ka roƙi mako biyu. Kullum da la'asar bayan an tashi aiki ka ja ni bayan sito, mu kifa bokitai mu zauna, mu sa takunkumi mu biyu. Sai ka ajiye mini tsohuwar kafireta ta janareta a gabana, ka ce in kwance ta in mayar. Ka ce, "Hannunka ya san aikinsa. Bar shi ya yi, kan zai biyo baya." Ranar farko ban yi minti biyu ba na cire. A rana ta tara sai da ka taɓa kafaɗata ka nuna mini agogo, na gane na manta akwai wani abu a fuskata. Kai ma gumi na tsiyaya daga haɓarka, alhali babu wanda ya sa ka.

Daga nan sai shekarun jira. Babu wanda ya gaya mini yawancin aikin nan zama ne. Da sassafe a duba ruwa, a duba kumfar kashe wutar mai, a warware mesa a naɗe, a gwada iska. Sannan a sa kaya masu nauyi a zauna cikin mota a zafin bazara ana kallon jirage na tashi lafiya suna sauka lafiya. In na zo gida hutu samarin Kalgo su tambaye ni 'yan bindiga nawa na harbe, in ce musu ni wankin mota nake yi. Suna dariya, ni ma ina yi, amma wani lokaci abin na sosa mini rai.

Yanzu na zo kan abin da ya raba mu.

Ina Kofur lokacin. Wata safiya Nana ta kira ni ta ce babbar 'yarmu ta kwana da zazzaɓi. Hankalina ya rabu biyu. Na zagaya mota sama-sama, na sa hannu a takarda cewa na duba komai, alhali ban taɓa makunnin kumfa ba. Ka zo bayana ka murɗa shi, ya ƙi motsi, ya cije. Ka tara mu duka, har da kuratan da ke ƙarƙashina, ka ɗaga takardar ka karanta sunana. Ka ce, "Wannan sa hannun zai iya kashe mutum biyar." Ba ka tsaya nan ba, ka kai rahoto sama. Ƙarin girmana ya yi jinkirin shekara guda.

Na riƙe ka a zuciya, Baba. Na ce mutumin da ya sha fura a zauren ubana bai kamata ya tozarta ni gaban yara ba. Na daina gaishe ka sai sarawa ta dole. Bayan wata biyar aka yi maka walimar ritaya, aka dafa shinkafa, aka yi jawabai. Ni na canza aiki da wani da gangan don kada in halarta. Ina cikin mota a gefen titin jirgi na hango ana loda kayanku. An ce ka tambaye ni sau biyu. Shekara shida ke nan, ban kira ka ba sai makon nan.

Amma tun daga ranar da ka karanta sunana, ban sake sa hannu kan abin da ban taɓa da hannuna ba. Da farko don haushi nake yi, don kada ka sake samun abin faɗa. Da ka tafi kuma ya zame mini jiki.

Mako uku da suka wuce, ranar Talata, na murɗa makunnin kumfa na babbar motarmu da safe, na ji ya yi tauri. Direbana ya ce mu bar shi sai an jima, ai yana ɗan motsi. Na ce a'a. Muka kwance shi, muka tarar da tsatsa ta ci wani ɗan ƙarfe a ciki. Sai da muka yi awa guda kafin ya koma daidai.

Bayan azahar hasumiyar kula da jirage ta kira. Wani ƙaramin jirgin ɗaukar kaya na dawowa da mutum huɗu a ciki, tayarsa ta hagu ta ƙi fitowa. Aka ce zai yi ta kewaya sama ya rage mai. Ni ne Saje yanzu, ni ke jagorantar motar farko da mutum shida. Muka je muka tsaya inda ya kamata. Kusan minti arba'in muna kallonsa yana zagaye. Na ji Kofur Ishaya, mataimakina, yana addu'a ƙasa-ƙasa, ni ma ina tawa.

Ya sauko a hankali, ya dafa ƙasa da tayar dama, ya yi gudu a kanta har na fara cewa Alhamdu lillahi. Sai fiffiken hagu ya faɗi kan kwalta. Tartsatsi ya tashi, jirgin ya juya ya bar titi ya shiga ciyawa, fiffiken ya ɓalle, mai ya malalo. Kafin ya gama tsayawa mun taka mota. Muka zagayo ta inda iska ke busowa, yadda ka koya mana. Na ce a saki kumfa.

Ta fito, Baba. Fara fat, mai kauri, da ƙarfinta. Ban san lokacin da na ambaci sunanka ba.

Muka buɗe hanya zuwa ƙofa. Mutum biyu suka fito da kansu suna tari. Na uku muka jawo shi, bai san inda yake ba. Saura matuƙin, wani matashin hafsa ɗan Ilori mai suna Kazim. Ni da Ishaya muka shiga. Hayaƙi baƙi ƙirin, ko tafin hannunka ba ka gani. Na lalubo shi a kujerarsa, na yanke bel ɗin da ya ɗaure shi, na ja. Ya kurma ihu. Ƙafarsa ta dama ta maƙale ƙarƙashin ƙarfen da ya lanƙwashe. Ishaya ya fita ɗauko injin buɗa ƙarfe. A kunnena, ta rediyo, direba na cewa kumfa ta kusa ƙarewa, mota ta biyu kuma tana fama da wutar da ta bi ciyawa ta nufi inda mai ya taru.

A nan na tuna wata ranar da ka sa ƙafarka ƙarƙashin benci a wurin cin abinci, muna ta dariya, ka ce, "Sau da yawa takalmi ƙarfe ke kamawa, ba ƙafa ba. Ku yanke igiya." Na kai hannu, amma da safar hannu ba na jin igiyar. Na cire ta hagu. Na san abin da za ka ce, kuma ka yi gaskiya, doka ta hana. Na lalubo igiyar da yatsuna, na dafa ƙarfen da hagun don in sami ƙarfi, na yanke da dama. Ƙarfen ya yi zafi kamar an ciro shi daga maƙera. Ban ji ba sai daga baya. Ƙafar ta zare, a karye amma ta zare. Na saɓa shi, Ishaya ya tarye ni a ƙofa, muka fito. Takalmin na nan ciki ya ƙone.

Ba duka muka samu ba. Na ukun da muka jawo, injiniyan jirgin, ya cika a asibiti bayan kwana biyu. Ƙirjinsa ne ya bugu. Ya bar mata da yara uku. Likita ya ce babu abin da za mu iya yi da ba mu yi ba, amma har yanzu ina lissafa takun da na yi daga mota zuwa ƙofar nan, ina neman inda na yi jinkiri. Na san kai ma kana da irin naka, don ka taɓa fara ba ni labarin wani ka yi shiru a tsakiya. Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari.

Ina kwance a asibiti mahaifiyar Kazim ta iso daga Ilori. Tsohuwa ce ƙarama, da ɗankwali ruwan toka. Ta shigo ɗakinmu ta zube a gaban gadona tana magana da Yarbanci tana kuka. Ban ji ko kalma ɗaya ba sai sunan Allah. Na yi ta cewa ta tashi, ta ƙi. Kunya ta kama ni, Baba, domin na san godiyar da take yi ba tawa ba ce ni kaɗai, kuma mai rabo mafi girma a cikinta ko gaisuwa ban aika masa ba shekara shida.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je Gwandu. Malam ya tsufa, idanun sun yi rauni, ƙanena ke kula da gonar yanzu. Bayan an sauko daga masallaci na zauna kusa da shi a zaure. Ya shafa bandejin a hankali tun daga wuyan hannu har yatsu. Ya ce, "An hito da shi?" Na ce an fito da shi. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Bawa na da rai?" Na ce kana nan. Sai ya tambaye ni me ya sa ya daina jin sunanka a bakina. Na kwashe labarin duka na gaya masa, ina tsammanin zai ɗan tausaya mini. Ya ce, "Kai ad da laihi. Da ya rufa maka asiri rannan, da ya cuce ni. Ka nemi gafara tai tun kuna da rai ku biyu."

To ga ni, Baba. Ka yafe mini. Ka yafe mini gaisuwar da na hana ka, da walimar da na ƙi zuwa, da shirun da na yi. Ka ɗauke ni daga bakin tasha ban san komai ba, ka durƙusa a gaban ubana saboda ni, ka sha zafi a bayan sito saboda ni, ranar da kuma na cancanci faɗa ka yi mini shi ba ka rage ba. Na gode da duka. Na ƙarshen ne ya fi ɗaukar mini lokaci kafin in gane.

Ka gaya wa Malama Rifkatu ɗalibanta na Kalgo suna tambayarta. Ɗaya daga cikinsu ce ke wanke mini ciwon a asibitin garin, ta ce har yanzu tana tuna yadda Malama ke duba musu farce ranar Litinin. Gidan da kuka zauna an buɗe kemis a ƙofarsa. Yarinyar nan tamu mai zazzaɓi ta shiga sakandare, ta fi uwarta tsawo.

Akwai labari ɗaya da ya rage. Likita ya ce yatsu biyu na hagun ba za su ƙara lanƙwasa sosai ba, ba zan iya riƙe mesa yadda ake so ba. Na yi kwana biyu ban ci abincin kirki ba da na ji. Shekaranjiya kwamandanmu ya kira ni, ya ce ba za a ajiye ni ba, za a ba ni sababbin kurata in horar. Su goma sha biyu ne, biyu mata. Wata mai zuwa zan fara.

Tsoro nake ji, Baba, ba zan ɓoye maka ba. Na san wuta, amma ban san yadda ake tsayawa gaban 'ya'yan mutane a ɗauki ransu a hannu ba. Don Allah ka rubuto mini ko layi biyar ne, Saratu ta turo. Ka gaya mini abin da ake fara ce musu ranar farko. In an kwance bandejin nan kuma zan zo da kaina, ni da Nana, da shinkafar Diggi da albasar gonar Malam, in durƙusa in faɗi abin da na rubuta da bakina.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Ya sauƙaƙa maka nauyin kunnen nan, ya sanya albarka a zuriyarka, ya saka maka da alheri kan kowane rai da ya fita daga wuta ta hannunka ko ta hannun waɗanda ka koya wa. Ya tsare waɗanda ke zaune cikin mota a gefen titin jirgi yau, ya sa su yi ta jira har su yi ritaya ba a kira su ba. Amin.

Ɗanka, kurtunka,
Saje Haliru Sambo,
Kalgo.